Zauren da aka kulle mana

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya maigidanki da yara? Ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Mu nan Maraɗi lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Kin ce za ku kafa ƙungiyar mata a can, kina son shawara. To ji abin da ya sami tamu ta taimakon marayu. Hajiya Zinaru, matar Alhajin nan mai fataucin atamfa, ita ta ara mana zaure. Don kunya muka naɗa ta shugaba, ba zaɓe, ba doka a rubuce. Da siyasa ta kankama sai ta kawo zanen partinsu, wai kowa ta ɗinka. Na ce, "Hajiya, don marayu muka taru, ba don ƙuri'a ba." Ta ce, "To ku nemi wani zauren." Washegari muka iske kwaɗo a ƙofa. Geron da manoman Tsibiri suka ba mu yana ciki har yau. Na kai kuka gidan farfe, wakilin gwamnati a yankinmu, aka ce ba a san da mu ba, tunda ba mu da takardar izini.

Rabi, ku fara neman takardar nan, ku rubuta dokokinku, shugaba kuma ku zaɓe ta. Taro ko a gindin icce ku yi, kada dai mabuɗi ya zauna hannun mutum ɗaya.

Kullum masu riƙon marayun suna sallama gidana neman geron. Ki sa mu cikin addu'a. Ki gaida Baba Sani da mutanen gida duka.

Yayarki,
Hadiza