Kujerar Matar Mista Kowalczyk

Baba,

A sa mini albarka. Yaya idonka? Yaya Inna Altagracia da hawan jininta? A gaida mutanen San Pedro duka.

Ni lafiya lau. Har yanzu ina aiki a filin wasan ƙwallon besbol, ɓangaren manya, inda tikiti ɗaya ya haɗa kujera mai laushi da ci da sha sai ka ture. Ni ke kai musu abincin. Tsayuwa da sanyin garin nan suna ɗan taɓa ƙafafuna, amma kada Inna ta ji. Abin haushin, kullum bayana nake ba fili, sai dai in ji ihu.

Ranar Lahadi wani dattijo, Mista Kowalczyk, wanda matarsa ta rasu amma bai daina sayen kujerarta ba, ya ce mini, "'Yata, zauna nan. Na gaji da yi wa kujera hira."

Na ce, "Ai sai a kore ni."

Shugabarmu Marisleidis ta fizge farantin hannuna. "Zauna, gimbiyar San Pedro, kafin in canza shawara!"

Na zauna. Baba, ga ni dab da fili! Har ƙamshin ciyawa na ji, da ƙarar ƙwallo a safar hannun mai cafkewa. Muka yi ta gardamar wasan da tsohon, yana dariya har da hawaye. Ya tambaye ni wanda ya koya mini wasan. Na ce mahaifina, wanda a rediyo kawai ya san filin nan.

Ya cire hularsa ya ce in kawo maka. Tana nan tafe, ka sa ta ranar wasa.

'Yarka,
Yudelka