Nonon Inna Awa

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, Dapaong

Na fara darasin ADN, wato ƙwayoyin gado, da 'yan terminal, ajin ƙarshe. Lise ɗinmu, wato sakandaren da nake koyarwa, ba inji, ba komai, daga alli sai wata fotokofi da ta yi baƙi ƙirin. Na zana musu a allo: ga layukan uwa, ga na uba, ga na yara uku. Duk layin da ke wajen yaro, ko daga uwa ya ɗauko ko daga uba. Na ce su nemo min yaron da ba ɗan gidan ba ne. Kafin in rufe baki Nafissatou ta gano shi, yarinyar nan kanta yana ja. Na cika baki na ce musu wannan gwajin ne ke raba gardamar dangantaka, ba labarin tsofaffi ba. Suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina.

Da la'asar na tsaya ƙofar gidan su Khairiya kamar kullum. Ta ce in dinga kakkaɓe alli kafin in zo zance, ita ba allo ba ce. Asabar zan je Sokodé in gaya wa Kaka a turo manya.

Asabar, 12 ga Oktoba, unguwar Komah, Sokodé

Kaka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai ta tambaya 'yar gidan wa ce. Na ce 'yar Huseini mahauci ce, asalinsu ma 'yan Sokodé ne, sunan uwar Awa. Ta ajiye ludayi. Wai Awa doguwa, mai ɗa Latif? Na ce ita.

"Sharifu, ai ita ta shayar da kai."

Da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Awa tana maƙwabtaka, tana goyon Latif, sai ta haɗa mu. Daga baya suka koma arewa, zumunci ya yanke. Ban taɓa ji ba. Ba wanda ya ɓoye min, kawai ba a taɓa samun dalilin faɗa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na ɗaga wa Kaka murya. Ni! Ita ko sai tsintar wake take.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je wajen Malam Garuba, malamin unguwarmu, kafin in hau mota. Na ce masa da Latif na sha, Khairiya ko cikinta ba a yi ba lokacin. Ya ce ba a duba wanda aka sha tare, uwar ake dubawa, duk wanda ta haifa ɗan'uwana ne. Na ce ko da sau ɗaya ko biyu ne? Ya ce Sharifuddeen, watanni fa aka ce. Har na soma yi masa bayanin ƙwayoyin gado, ya saurare ni da ladabi yadda nake sauraron ɗalibin da bai yi karatu ba. Ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, Allah ya ba ni haƙuri.

Juma'a, 18 ga Oktoba, Dapaong

Kaka ta riga ni, ta sa an kira gidan su Khairiya a waya. Ina yin sallama uwar Khairiya ta fito da kanta, ba ko takalmi. Matar da kullum take ce min Malam daga nesa, yau ta kama fuskata da hannu biyu. Ta ce ashe kai ne, ashe ka rayu! Wai kunnenta nake ja in ina sha. Tana kuka tana dariya. Wallahi da fushi na zo, na rasa wanda zan yi da shi. Khairiya ba ta fito ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban san ko zancen ya kai lise ba, ko tsautsayi ne. Muna gyaran aiki Nafissatou ta ɗaga hannu. Ta fara da Faransanci, ta ƙarasa da Hausarta ta kasuwa: "Misye, yarinya da yaro ya sha nono ɗaya, layinsu yana haɗu?"

Na ce a'a.

"To su ba dangi ba?"

Na juya na goge allon da ba komai a kansa har aka buga ƙararrawa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Khairiya ta ɗauki wayata yau. Na ce mata na bincika, akwai inda za a aika da yawunmu a gwada, zai nuna ba abin da ya haɗa mu, ko layi ɗaya na gida ɗaya. Ta ce ta sani. Ta ce Inna ma ta sani, Malam ya sani, ba mai musu. "In takardar ta zo, wa za mu kai wa?"

Ina jin kukanta. Ina sonta, kuma ba wanda ya zalunce ni balle in kai ƙara.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ban iya cin abinci. Garin kwaki da ruwa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ɗaya ajin ya iso darasin. Zane ɗaya, yara uku, suka gano baƙon. Maganar labarin tsofaffi ban faɗa ba. Lokaci ne ya ƙure, ina ji.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Latif ya zo da babur, wai Inna ta ce ta ga na rame, in ban zo ba, za ta zo lise ta ja ni da kunne gaban ɗalibai. Na bi shi. Na tsaya a ƙofa inda na saba tsayawa, Inna ta ce kai shiga mana, wa kake jira ya yi maka iso a gidanku? Shekara guda ina fatan ganin tsakar gidan nan. Ɗan ƙarami ne, da bishiyar lemo.

Khairiya ce ta kawo tuwon, ba mayafi, yanzu babu dalili. Idanunta a kumbure. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Yaya, ga ruwan wanke hannu."

Na amsa. Bakina ne ya riga ni, ba ni ba.

Na ci. Inna ta ƙara min, na cinye.