Baƙin Fenti a Ƙarƙashin Tirela

Ɗana Darcy,

Ina gaishe ka. Yaya Bronwyn da jikokina? Tarin Tilly ya lafa? Ni lafiya nake a Karratha, gwiwar ce dai ba ta son tsayuwar kicin, amma ba komai.

Na duba tirelar nan mai ɗakin kwana, wadda ake ja da mota, da kake son saya ku shiga daji da yara. Daga sama sai sheƙi. Da na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, na ga sabon baƙin fenti. Mai ita ya ce, "Haba Mama, fito kar mu kira motar asibiti! Sau biyu kacal ta taka bakin teku."

Na soka sukudireba a ƙarfen da ke haɗa ta da mota. Darcy, shigewa ya yi kamar cikin burodi, tsatsa da yashi suka zubo mini a fuska. Duk ruwan shanku a jikinta zai kasance, a hanyar da waya ba ta shiga.

Na san halinka, tun kana yaro ƙyalli ke jan ka. Kada ka kira mutumin nan a bayan idona. Ga guntun ƙarfen a ambulan. Murza shi da yatsa, sannan ka dubi Tilly.

Allah ya tsare ku.

Mahaifiyarka,
Noreen