Lasisin Auta

Asabar, 2 ga Maris

Na yi rajista! Zan zana jarrabawar lasisin aikin famfo. Tun da hukuma ta ce daga bana ba mai taɓa famfon babban gini sai mai lasisi, Baba ya daina cin abinci sosai. Ga aikin sabon asibitin yara an yi mana alkawari, ga idonsa ya yi yana, ko lambar sifana sai ya shafa da yatsa. Ina zai ga takardar jarrabawa? Dogo kuwa, abokin aikinsa tun kafin a haife ni, ya ce shi da aji sai dai a lahira. Saura ni.

A ofishin hukumar, matar da ke karɓar takardu ta dube ni ta ce, "Wa kika zo yi wa?" Na ce kaina. Ta cire tabarau. Sharuɗɗa uku ne: shaidar maigidan da ya koya maka aiki, jarrabawar rubutu, sai ta hannu. Baba ya sa hannu a shaidar, rabi a kan layi rabi a waje. Ya ce, "Auta, ki rubuta tun kina rarrafe kike satar mini farin tef."

Talata, 5 ga Maris

Littafin dokokin ya fi bulo nauyi. Amma daɗi! Ashe duk abin da Baba ke cewa "haka ake yi" akwai dalilinsa a rubuce. Lanƙwasar nan ta ƙarƙashin wurin wanke hannu, ruwan da ke kwanciya a ciki shi ke tare wari. Na sani da hannu, yau na sani da kai. Na karanta wa Baba, ya ce, "To da me suke zato, ado ne?"

Alhamis, 14 ga Maris

Lissafin gangarar bututu zai kashe ni.

Lahadi, 17 ga Maris

Mama ta gaji. Na baje guntayen bututu a tsakar gida, warin gam ya cika ko'ina. Ta ce 'ya'yan mutane na ƙamshin turare, tata na ƙamshin ban-ɗaki. Amma da Gwaggo ta zo tana cewa wane namiji zai auri mai sifana a jaka, Mama ce ta tare ta: "Wanda famfonsa ke yoyo." Na shige ɗaki na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Dogo ya zama malamin jarrabawa. Ya zauna a kan bokiti, ya murtuke fuska, yana jefo tambayoyin da shi ma bai san amsarsu a Turance ba. In na amsa sai ya ce, "Hmm. Za mu duba."

Litinin, 25 ga Maris

An yi jarrabawar rubutu. Zaure cike da maza, wasu da furfura, ni kaɗai mai mayafi. Wani dattijo kusa da ni yana ta goge gumi, ya riƙe biro kamar guduma, ya ba ni tausayi. Tambayar gangara ta fito! Na kusa yin ihu. Akwai ɗaya kan tukunyar ruwan zafi da na yi canki kawai, Allah ya sa a dace.

Laraba, 27 ga Maris

Ta hannu. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Kowa da allonsa na katako da zane: ka haɗa layin ruwa, kan famfo biyu, da magudana. In ka gama su cika shi da ruwa su matsa, su sa agogon gwaji. Allura ta tsaya, ka tsira. Ta sauka, akwai yoyo.

Na gama kafin na kusa da ni, har ina jin kaina. Mai jarrabawar, wani gajere marar fara'a, ya matsa ruwan. Muna kallo allura ta fara sauka a hankali. Ya ce, "Kina da sauran lokaci. Kaɗan." Ya wuce abinsa.

Ido bai ga komai ba. Na goge kowace mahaɗa da gefen mayafina, na bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Can ƙasa, a gwiwar bututun da ke bayan allo, danshi. Garin sauri ban tura bututun ya kai ƙarshe ba kafin gam ya kama. Zuciyata ta ce ƙara gam a kai, wa zai gani? Na ɗauki zarto na yanke gwiwar gaba ɗaya. Wani a bayana ya ce, "Kai, ta ɓata!" Ban juya ba. Sabuwar gwiwa, gam, turawa, na riƙe ina salati.

Da ya dawo ya sake matsawa, allura ta tsaya cak. Ya ɗauki guntun da na yanke, ya juya shi, ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce babana. Ya rubuta wani abu. Ko murmushi.

Mayafin ya tashi aiki. Mama ba ta sani ba tukuna.

Juma'a, 12 ga Afrilu

NA CI! Na ci, na ci! Sunana na nan a allon ofis, na karanta shi har mai gadi ya fara dariya. Dattijon nan ma ya ci, muka yi ta yi wa juna barka kamar mun san juna tun da. Da gudu na shigo shagon Baba. Baba ya karɓi katin, ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe. Ya ce, "Hoton bai yi kyau ba." Sai ya juya bango yana neman wani abu da babu. Dogo ya zagaye layin gaba ɗaya yana shela, har mai walda da mai faci suka zo ganin kati. Wai daga yau sunana Injiniya.

Talata, 30 ga Afrilu

Kwana na biyu a asibitin yara. An yi wa Baba aikin ido, likita ya ce ya zauna a gida, ba ƙura ba rana. Ni da Dogo ne. Mun ja layin ruwan bene na farko, na sa aka matsar da tanki don inda aka zana shi ba zai ba da ƙarfi ba. Mai kula da ginin ya yi gardama, na nuna masa, ya yarda. Dogo ya ce, "Yadda kika ce, Injiniya," kuma ban ji alamar wasa a muryarsa ba.

Da na dawo na tarar da Baba a zaune a ƙofar ɗaki, bandeji a ido, waya a cinya. Mama ta raɗa mini tun safe take hannunsa, ko alwala da ita ya je. Da, ko tef zan naɗa sai na kira shi. Yau ban ma tuna ba. Aiki ne ya yi yawa, ina ga.

Ya ce, "Ba matsala dai?"

Na ce akwai, Baba. Na tambaye shi yadda ake ɗaure bututu a jikin bangon siminti. Ya gyara zama, ya yi ta bayani da hannu har abincinsa ya huce.

Na riga na ɗaure su tun azahar.