Motar Ta Juya Wa Teku Baya

Zangon Zaitun, bakin teku, ƙasar Girka
Watan Mayu

Zuwa ga Yaya Boryana,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Lyuben da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Na san sanyin Kanada ba ya raga wa ƙashin tsufa, Allah ya kawo sauƙi. Ni ma lafiya lau, in ban da hawan jinin da muka gada wurin Mama. Ɗana Plamen yana kira daga Sofiya duk Lahadi, ya tambayi ko na ci abinci, in ce na ci, ya ce to madalla, shi ke nan hira ta ƙare. Na zaɓi in rubuto miki ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen zance, tun muna yara haka kike. Takarda kuwa ba ki da bakin katse ta.

Tun da muka binne maigidana Yordan kike cewa in sayar da motar nan da muke kwana a ciki, in tattara in bar zangon nan, wai mace ɗaya ba ta zama a gida mai taya. Ba zan ɓoye miki ba, hunturun nan na ji jiki. Duk masu motoci sun watse tun Oktoba, aka rufe kanti, aka kulle banɗakuna sai guda ɗaya da aka bar mini da ruwan zafi. Filin da kika sani cike da rumfuna da igiyoyin shanya ya koma ni da kuliyoyi. Ayyukan da Yordan yake yi ban taɓa lura ba duk suka dawo kaina: jan tiyo in cika tankin ruwa, canza tukunyar gas, da ciro tankin bayan gida in ja shi har ramin da ake zubarwa. Ranar farko da na ja shi na zagi marigayin, don bai taɓa gaya mini nauyinsa ba. A allon dokokin da ke bakin ƙofa an rubuta cewa ba a hayaniya da tsakar rana lokacin barci. Ba a taɓa samun mai bin wannan doka kamata ba, Yaya, don akwai ranakun da ban buɗe baki ba sai don in sha magani. Wani lokaci nakan kunna injin wanki da tawul biyu kacal, in zauna a gabansa don kawai in ji wani abu yana motsi.

Duk da haka ban so tafiya ba, kuma kin san dalili. Gidanmu na Sofiya mun bar wa Plamen da iyalinsa tun da muka yi ritaya. Abin da ya rage mini da ƙanshin Yordan shi ne motar nan da wurin da ya ajiye ta. Kin tuna yadda take tsaye, hancinta na kallon teku? Dokar zango tun fil azal ita ce kowace mota ta fuskanci ƙofa, amma Yordan ya ce shi bai yi shekara arba'in yana tuƙa bas yana kallon kwalta ba don ya zo bakin teku ya kalli kwandon shara. Ya ɗauki kwalbar giyar nan tamu ta rakiya ya je wurin tsoho Stelyo mai zangon, suka yini a ƙarƙashin zaitun, da yamma doka ta yi barci. Tun daga nan kowace safiya muna kujerun gaba da kofi, shi a ta direba, ni a tawa, teku a gabanmu. Kujerarsa a ture take can baya saboda dogayen ƙafafun nan nasa. Tun da ya tashi daga kanta ranar da aka tafi da shi asibiti ban taɓa ta ba. Hularsa ma tana rataye a sitiyari.

To, tsoho Stelyo ya gaji, ya miƙa wa ɗansa Lefteris zangon. Lefteris a gabana ya yi gemu, har yau Goggo yake kirana. A farkon Afrilu ya zo yana sosa ƙeya, ya ƙi zama, na san da magana. Ya ce tun gobarar bara da ta cinye bayan tsauni 'yan kwana-kwana ba sa wasa. Kafin zafi ya shigo dole kowace mota ta juya ta kalli ƙofa, a cire katakon da ke ƙarƙashin taya, a kwashe tukwanen fure daga hanya. Na ce to ya juya ta mana, ai ba sai ya yi mini wa'azi ba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba nan gizo ke saƙar ba. Dokar ta ce wanda ke kwana a mota shi ne zai iya fitar da ita da hannunsa, don ranar da wuta ta taso ba wanda zai tsaya neman direban wani. In ban iya ba kafin farkon Mayu, sai dai a janye motar a kai ta filin ajiya, ni kuma in nemi wurin kwana.

Na yi masa tas, Yaya. Na ce ni da na share masa majina zai karanta wa allo? Na ce ubansa ya fi shi sanin mutunci. Bai yi fushi ba, ya bar ni na gama, sannan ya ce Goggo, ki zage ni har gobe, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gara ki yi fushi da ni kina raye. Na ce ya tafi da guntun gemunsa. Da Plamen ya ji labari har muryarsa ta washe, ya ce dama sun gyara mini ɗan ɗakin da suke ajiye kekuna. Allah ya yi masa albarka, da zuciya ɗaya ya faɗa, amma na ga kaina a ɗakin nan ina jiran a kira ni cin abinci, sai na san ba zan iya ba.

Ina da lasin, kin sani, tun zamanin ƙaramar motar Baba, amma rabona da sitiyari tun kafin a haifi Plamen. Na kwashe tukwanen ɗoɗɗoya, Lefteris ya yi cajin batir ya ƙara wa tayoyi iska. Da na hau kujerar Yordan sai na ga ƙafata ba ta ko kusa da kuloci. Ki ji wautar ƙanwarki. Maimakon in jawo kujerar, sai na ɗauko matasan kai biyu na cusa a bayana, na zauna a bakin-baki ina miƙa yatsun ƙafa. Na tayar, na sa abin da na ɗauka ribas ne, ƙafata ta zame. Motar ta yi tsalle gaba, ta tokari shingen da ke tsakaninmu da gangaren teku, ta mutu. Kofuna suka zube, hular ta faɗo a cinyata. Na sake gwadawa a wasu ranaku, kullum da matasan kaina, kullum sai ta yi tsalle ta mutu. Har na fara naɗe kwanuka a jarida ina shirin tashi.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga wata tsohuwa 'yar Sabiya ta shigo da wata mota da ta fi tamu girma, ita kaɗai, sigari a baki. Ta yi ribas da hannu ɗaya ta shige fili na kusa da ni kamar mai zura zare a allura. Sunanta Dragitsa. Da safe ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta tarar da ni a kan matasan kaina, ta ajiye bokiti ta yi ta dariya har da tari. Ta ce ke 'yar'uwa, tuƙi za ki yi ko ƙwai kike kwanci? Ta leƙo ta ce ai ga ƙarfen jan kujera nan a ƙarƙashina, ko a Bulgariya ba a gaya wa mata ba? Na ce na san da shi. Ta dubi kujerar, ta dubi hular, sai dariyar ta ɗauke. Ta tambayi yaushe mai hular ya rasu, na ce da kaka. Ta ce nata mijin gajere ne kamar turmi, da ya rasu ta ƙi taɓa madubin da ya saita, ta yi ta tuƙi tana ganin tayar baya kawai, har ranar da ta rushe wa wani limamin coci katanga. Ta ce mamaci ba ya tuƙi, 'yar'uwa, kuma kujera ba kabari ba ce. Na ce to ta jawo mini. Ta ce Allah ya kiyaye, mijin wa, nata ko nawa? Ta koma gefe ta kunna wani sigarin ta juya mini baya.

Na jefar da matasan kan. Na sa hannu na kama ƙarfen, yana da sanyi, na ja. Kujerar ta zo gaba da wata ƙara, ta tsaya daidai tsawona. Ban san abu mai sauƙi haka zai iya yi mini ciwo haka ba. A wurin da ta tashi kuwa, me zan gani? Tulin ɓawon gyaɗa mai gishiri. Likita ya hana shi gishiri, ni kuma na tsaya a kansa kamar 'yar sanda, ashe duk lokacin da na tafi wanka sai munafukin ya ci ya tura ɓawon ƙarƙashin kujera. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, irin wanda ban yi ba ko a makabarta don idon mutane. Da na share fuska Dragitsa ta ce to an gama makoki, taka kuloci.

Yini biyu tana tsaye a bayana tana ihu, hagu, na ce hagu, wannan hagun gidanku ne? Na karya reshen zaitun ɗaya, na kusa kwashe sandar da muke jona lantarki. Amma sannu ba ta hana zuwa. Ranar da Lefteris ya zo dubawa na ja da baya, na juya, na bi ta gaban banɗakuna har bakin ƙofa, na fita, na zagayo, na dawo filina da baya. Lefteris ya cire hula ya ce Goggo, wallahi kin fi Jamusawan da ke zuwa nan, su sai matansu sun sauka suna ɗaga hannu. Na ce ya rufe mini baki ya kawo kofi. Ya kawo har da ɓaure. Washegari da na tashi filin Dragitsa wayam, ta yi kudu abinta, ta bar mini rabin kwalin sigari a kan matakala alhali ta san ba na sha. Ko lambar wayarta ban karɓa ba.

Don haka ina nan, Yaya, ba wanda zai kore ni, ki daina maganar sayarwa. Sai dai abin da na tsaya dominsa yanzu yana bayana. Tekun ina jin sa, ba na ganin sa, sai in na sauka na zagaya. Da safe in na zauna da kofi abin da ke gabana shi ne allon dokoki da kwandunan sharar da Yordan ya ƙi kallo, da ƙofa. Motoci sun fara shigowa, kowacce da kai biyu a gaba, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da taswira suna gardama. Ina kallonsu ina jin haushinsu, ina kuma son su ƙara ɗaga murya. Ɓawon gyaɗar na share, don doka ta hana tara busasshen abu, amma na bar kaɗan a aljihun rigar sanyinsa. A kujerarsa nake zama yanzu, ta saba da ni. Tawa ce ta zama ba kowa, kuma na lura ita ce ba na iya kallo.

Dokar zango ta yarda mai fili ya sauki baƙo, in dai an rubuta sunansa a ofis. Na riga na gaya wa Lefteris sunanki, ya ce in ke ce mai faɗan nan ta shekarun baya zai ƙara ruwan zafi. Ban ce ki zo ki tafi da ni ba, kuma ban ce ki zo ki zauna ba. Ki zo ko na mako biyu ne, ki zauna a kujerata ki katse mini zance. Ba zan iya zuwa filin jirgin Tasalonika ba, tuƙina bai kai can ba tukuna, amma bas yana tsayawa a bakin titi kusa da mu.

Ki gaishe mini da Lyuben, ki ce ya rage taba. Ki gaishe da 'yarki Raina da mijinta, da ɗan autanki Ognyan, da ƙananan da ban san su ba sai a hoto. In kin je coci ki kunna wa Yordan kyandir, ki kuma gaya masa na ga gyaɗar. Ba sai kin aiko da ranar zuwanki ba, Yaya. Fuskata tana ƙofa tun safe har yamma, duk wanda ya shigo ni ce farkon ganin sa.

Taki ƙanwa har kullum,
Nevena