Ɗana yana so in kira sunansa a filin ƙwallo, bakina ya kasa

Anti Sauda, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri in kin ga ina ta zuba. Abin ya cika mini ciki, kuma a nan Bronx ba ni da wadda zan gaya wa yau ba a ji shi a masallaci ranar Juma'a ba.

Ni Bakatsiniya ce, muna zaune a unguwar Tremont tun ɗana na fari yana goye a bayana. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Mahaifin yaran ya yi tuƙin tasi har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da biyu, shi yaron da ƙanwarsa Na'ima. Sunan yaron ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, kin san yadda muka tashi. Tun ranar sunansa bakina bai taɓa furta sunan nan ba. In ina nemansa sai in ce wa Na'ima ta kira mini yayanta. Ba na yabonsa a gaban mutane, ba na zama in yi ta hira da shi. Haka uwata ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah, kuma bai taɓa tsare ta yana tambayar ko tana sonsa ba. Ranar da ta rasu shi aka riƙa rirriƙewa.

To shi wannan yaro Allah ya ba shi ƙafa ya ba shi hannu. Tun yana sakandare wani koci ya sa shi a ƙwallon nan tasu ta Amurka, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Aikinsa shi ne abin da suke kira wide receiver, wato ya kwasa a guje can cikin fili, a jefo masa ƙwallo daga nesa, ya yi tsalle ya cafe ƙattai na binsa. Da wasan nan ya yi jami'a kyauta. Maƙwabciyata Muniratu, 'yar Zangon Kumasi, ita ce ke kai shi atisaye tare da ɗanta tun suna ƙanana. Ita ba ɗanta ba ne, ba kunya tsakaninsu, sai ta tsaya bakin fili ta yi ta kwarma sunansa har muryarta ta dushe. Ni kuwa wallahi ina jin daɗi a raina da akwai mai yi masa.

A 2013 wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ranar da aka bugo waya aka gaya masa, gidanmu cike yake da mutane, Muniratu ta rangaɗa guɗa ta rungume shi. Ni na shige kicin na hau tuƙa tuwo, hawaye na zuba ban san ma suna zuba ba. Ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Na ce Allah ya sa alheri, ban juyo ba. Me kuma zan ce, gida cike da surukai da abokan babansa?

Abin da bai sani ba shi ne ban taɓa barin wasansa ya wuce ni ba. Akwai wani tsoho ɗan Puerto Rico da nake kula da shi ran Lahadi, ba shi da aiki sai kallon ƙwallon nan. Shi ya koya mini wasan kaf. Har na kai in yaron ya zille wa mai tsaronsa ya tsaya shi kaɗai yana ɗaga hannu, mai jifan ya ƙi ganinsa, sai in ji kamar in shiga talabijin ɗin in finciko shi, makahon banza kawai. Tsohon nan yana kiran sunan ɗana yana dukan kujera, ni ina riƙe da cokali ina ba shi abinci, ban taɓa ce masa ni na haife shi ba.

Filin wasa sau ɗaya na je, kuma da na san abin da zai biyo baya da na yi zamana a gida. Ƙungiyarsu ta zo wasa nan tsallaken kogi, ya aiko mana da tikiti da riga mai sunansa ɓaro-ɓaro a baya. Na ninke rigar na ajiye, na sa atamfata. Ana cikin wasa ya cafe wata ƙwallo da hannu ɗaya ya kai ta ƙarshen fili, wuri ya kaure da ihu. Sai ya juyo ya nuna inda muke zaune. Kafin in ankara ga fuskata a ƙaton allon nan da kowa ke gani. Anti, ni 'yasu! Dubban mutane suna kallona, an ce ga uwar wane. Na ja mayafi na rufe fuskata. Wace uwa ce za ta tsaya tana washe baki ana yabon ɗanta na fari? Ashe shi ma allon yake kallo. Daga baya ya gaya wa Na'ima cewa a ranar da ya fi kowace rana farin ciki, uwarsa ta ɓoye fuska don kada a san ita ta haife shi.

Shekara biyu bayan nan jijiyar gwiwarsa ta tsinke. A talabijin na gani, ina gidan tsohon. Wani ƙato ya faɗa masa ta gefe, ƙafar ta lanƙwashe inda ƙafa ba ta lanƙwasawa, suka yi ta maimaita hoton kamar ba ɗan mutane ba ne. Na fita baranda na yi ta innalillahi. Bayan an yi masa aiki na dafa farfesu na hau mota na je har garin da asibitin yake. Na zauna kusa da ƙofa ina tambayar Na'ima yaya jikin nasa. Yana kwance, maganin barci bai gama sakinsa ba, ya miƙo hannu ya roƙe ni da Turanci in kira sunansa sau ɗaya kawai. Ga nas a tsaye, ga abokan wasansa biyu. Na ce haba, ya sha farfesu tun da zafi. Ya juya fuskarsa bango.

Ya warke ya koma, amma gudun bai dawo kamar da ba. Wannan ƙungiya ta ɗauka ta saki, waccan ta gwada shi ta ce a'a, ga bugu a kai da ya sha har ya yi kwanaki ba ya son haske. Bara ana gab da fara kakar wasa ƙungiyarsa ta ƙarshe ta sallame shi, tun daga nan ba wanda ya sake nemansa. Yaro bai kai talatin ba an ce ya gama. Yanzu yana wani ɗan ɗaki a unguwar Stapleton, can tsibirin da muke zuwa ta jirgin ruwa, ba ya ɗaga wayata. Na'ima ta ce labule a sauke yake wuni, ya rame, in ta kunna wasa sai ya ce ta kashe.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makarantar sakandarensu za ta karrama shi wata mai zuwa, za a rataye rigarsa a zauren wasanni. Al'adarsu ita ce uwa ko uba ya karɓi makirfo ya kira sunan ɗan, shi kuma ya fito tsakiyar fili. Ya aiko Na'ima ta gaya mini in ni zan kira shi, zai zo. In ba zan iya ba, Muniratu ta yi, shi kuma daga nan zai karɓi aikin koyar da yara da aka yi masa tayi can Texas, ba zai ƙara damuna ba.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Ni da na yi ta ɗaga tsofaffin mutane ina wanke su, sanyi da zafi, don ya ci ya ƙoshi? Ni da nake azumin Litinin da Alhamis duk kakar wasa don Allah ya tsare mini wuyansa? Duk wannan ba so ba ne sai na buɗe baki a makirfo? Kuma matan garinmu za su je, kafin in iso gida hoton ya kai Katsina, a ce wance ta je Amurka ta zubar da kunya. Amma kuma, Anti, ina tsoro. Na shiga banɗaki ni kaɗai na rufe ƙofa na gwada faɗin sunan, harshena ya yi nauyi, sai kuka. Na rasa mijina, ba na so in rasa yaron nan yana raye. Shin in je in kira, ko in bar wa Muniratu? In na je bakina ya ƙi buɗuwa a gaban jama'a fa, ba na ƙara kashe shi ba?

Maman Na'ima, Tremont

*

Maman Na'ima,

Sannu, Allah ya sanyaya miki. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, ban ga uwa marar ƙauna ba, kuma ban ga ɗa marar tarbiyya ba. Bari in faɗa miki abin da na gani.

Kunyar ɗan fari ba laifi ba ce, kuma ba ke kika ƙirƙiro ta ba. Amma ki tuna yadda take tafiya a gida. Yayanki da kika ba da misali da shi ya tashi cikin kakanni da gwaggwanni da ke jansa a jiki, suna tsokanarsa, suna gaya masa irin son da uwarsa ke yi masa a ɓoye. Duk 'yan farin unguwa haka ake yi musu, don haka bai taɓa ganin an ware shi ba. Ɗanki a Bronx ya tashi. Iyayen abokansa suna sanye da rigunan 'ya'yansu suna ihu, shi kuma ya waiga ya ga mayafi. Ba wanda ya zaunar da shi ya fassara masa. Abin da kika yi don girmama shi, shi a wurinsa gudunsa kika yi. Kuma ki sani wannan al'ada ce, ba farilla ba. Babu zunubi a kan uwar da ta kira sunan da aka raɗa wa ɗanta.

Shi ma yana da nasa. Ba a aika wa uwa sharaɗi ta bakin ƙanwa, kuma ƙin ɗaga wayarki bai dace ba. Sai dai ba yanzu ne lokacin yi masa wannan faɗan ba. Mutumin da sana'arsa ta mutu a hannunsa yana da ƙuruciya, makoki yake yi. Zaman ɗaki da labule a sauke, da ramar nan, da bugun da ya sha a kai, ba abin wasa ba ne. Ki sa Na'ima ta lallaɓa shi ya ga likita, a duba kan, a duba damuwar. Wannan kada a jira bikin makaranta.

Game da tambayarki, kada ki fara da makirfo. Tsoronki gaskiya ne, harshen da bai saba ba yana iya ƙin motsi a gaban taro. Ki dafa abin da ya fi so, ki hau jirgin ruwa ki je Stapleton a wannan makon, ke kaɗai, ba Na'ima ba Muniratu. In ya buɗe ƙofa, ba sai kin kalli idonsa ba. Ki zauna ki ba shi labarin tsohon nan da talabijin ɗinsa. Ki gaya masa wasannin da kika gani, ki ambaci ranar da mai jifa ya ƙi ganinsa har kika zage shi. Ki gaya masa abin da ya sa kika ja mayafi, da Hausa, inda ta ƙi shiga ki ƙarasa da Turanci. Yaron nan yana zaton ba ki taɓa kallonsa ba, alhali kin fi kocinsa sanin inda aka zalunce shi. Ɓoye masa wannan ba kunya ba ce kuma, cutarwa ce gare ku duka biyu. Sunan kuma a can za ki fara faɗinsa, a ɗaki, ko da murya na rawa, ko da sau ɗaya ne.

In wannan ya yiwu, ranar taro mai sauƙi ce. Ki roƙi Muniratu ta tsaya kusa da ke ta riƙe miki hannu. Ta yi miki riƙon amana shekara da shekaru, ta cancanci tsayuwar, kuma na tabbata ita ma burinta ta ji daga bakinki. Ba jawabi aka ce ki yi ba, suna ne kawai. Matan garinku za su yi magana, ba shakka, su yi ta mako guda su koma kan wata. Ba ɗaya daga cikinsu da za ta je ta ɗaga masa labule.

Ban ce wannan zai hana shi tafiya Texas ba. Mai yiwuwa aikin alheri ne gare shi, in ya tashi tafiya ki sa masa albarka. Abin da nake so shi ne ya tafi yana ɗaga wayarki.

'Yar'uwa, shekaru ɗanki ya yi dubban mutanen da ba su san shi ba suna kiran sunansa. Gwiwa ta lalace, duk sun watse sun koma kiran wani. Yanzu yana zaune shi kaɗai a ɗaki, kuma cikin duk duniya murya ɗaya ya aiko yana roƙo. Ki je ki kira shi.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗa masa wata hanyar, ya jiƙan mahaifinsa, ke kuma ya sauƙaƙa miki harshe.

Taki,
Anti Sauda