Sai Jarida Ta Buga

Haɗejiya, watan azumi, 2020

Yaya Tasi'u,

Gaisuwa mai yawa, ya ibada? Na ba direban motar kifi takardar nan don idan na kira ka a waya zan faɗi abin da bai dace ba.

Kai ka koya min gyaran shafuka a kundin ilimin nan na intanet, ka ce aikin sa kai ne, lada muke nema. To na rubuta a shafin korona cewa tsofaffi na ta mutuwa a Haɗejiya. Da safe na tarar an goge, kuma sunanka ne a jiki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Don Inna na rubuta. Tun da aka rufe Baffa Ari kullum tana gidan gaisuwa, daga unguwarmu har Auyo a bayan babur. Na yi magiya, ta ce da cutar ta shigo garin nan da ɗanta na Kano ya sa a shafinsa, shi da ya san komai. Ka mayar da layin nan in karanta mata ta zauna a gida.

Ƙanwarka,
Bara'atu

Kano

Bara'atu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri, ƙa'ida ce: ba ma sa abin da ba shi da madogara, kamar jarida ko littafi. Jiya na goge na wani da ya ce kanwa da tafarnuwa na maganin cutar. In na bar naki don ke ƙanwata ce, da wane ido zan kalli sauran editoci? Na kira Inna, ta tambaye ni ko na rubuta, na ce ban tabbatar ba tukuna. Ƙarya kike so in yi mata?

Yayanki,
Tasi'u

Kano

Bara'atu,

Sallama. Wata jarida ta buga labarin mace-macen. Na mayar da rubutunki yadda yake, har da madogara. Ki karanta wa Inna. Me ya sa ba kwa ɗaga waya?

Tasi'u

Haɗejiya

Yaya Tasi'u,

Na gani, sannu da ƙoƙari. A da na san gani ya kori ji, ashe a wurinku ji ne ke korar gani.

An kai Inna makwancinta jiya bayan la'asar. Ni na riƙe ta har ta cika, amma ba ni da madogara. Ka jira jarida.

Ka huta lafiya.
Bara'atu